Ƙusar Ɗakin Gabas

Daren Talata, Diguel

Yau a kamfani Alhaji, mai kamfanin, ya kira ni gaban mutumin da zai kafa injunan tankaɗe riɗi masu aiki da kansu. Ya ce, "Inna Hauwa, kin fi kowa daɗewa a nan. Wane ɗaki ne ruwa ba ya shiga da damina?"

Ɗakin gabas ne, inda marigayi mijina, Malam, yake ɗinkin buhu. Ƙusar da yake rataye hularsa tana bango har yau, kullum sai na taɓa ta kafin in fara aiki.

Na so in ce na yamma, amma na kasa, na faɗi gaskiya.

Gobe za su fasa bangon su shigar da injunan. Na zare ƙusar na ƙulle a bakin zanena. Malam, ban san inda zan kafa maka ita ba.