Dawar Fadama Ba Ta Nuna Ba, Ardo

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga aminina Ardo Bubakar, shugaban makiyayan yankinmu, wanda Allah Ya karɓi ransa da kakar nan. Aminci ya tabbata gare ka a makwancinka. Bayan gaisuwar da ta dace da zumuncinmu, ina sanar da kai halin da ka bar mu a ciki. Na san wasiƙa ba ta isa kabari. Masu rai ne za su karanta, kuma ina so su karanta.

Kana tune da shekarar da aka zubar da jini a hanyar Yelu saboda shanu sun shiga dawa. Ni da kai muka sallaci manomi da makiyayi a sahu ɗaya. Daga nan muka kafa zaman gindin tsamiya. Kowace kaka, kafin a saki gonaki ga dabbobi, sai manomi ya kawo zangarniya daga fadamar da ta fi jinkirin nuna, kai kuma ka ciji ƙwaya a gaban jama'a. In ta fashe da ruwa, da bakinka kake cewa, "Malam, shanuna su ƙara haƙuri." Ba wanda ya taɓa musa wa haƙorinka, domin kai ne mai asara in an jinkirta.

Da zaɓen komin, wato ƙaramar hukuma, ya zo, mutane suka ce abin Nasara ne. Na bi masallatan Gaya ina karantar da su cewa shawara umurnin Allah ce, ƙuri'a kuwa shaida ce. Na tsayar da Sumaila, ɗalibin da na sauke wa Alƙur'ani na kuma aurar, na ce ga amintacce. Kai ka kawo mutanen ruga, maza da mata, suka yi layi cikin rana. Sumaila ya zama konseye, wato kansila, ya yi alkawari a gabanmu ba za a sa ranar sakin gonaki ba sai a gindin tsamiya.

Ardo, da sojoji suka karɓi mulki suka rushe majalisun komin, Sumaila bai rasa kujera ba. Sojan da aka naɗa ya riƙe gari ya jawo shi kusa. Kwanan baya na ji muryar Sumaila a rediyo yana karanta ranar saki, wadda aka yanke a biro, wato ofis, bisa geron tudu da aka daɗe da girbewa. Ya ƙara da cewa malamai sun sa albarka. Ni ba a tambaye ni ba. Na same shi, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, an hana taro, yanzu umurni ake bi." Durƙuson nan ya fi maganar yi mini ciwo. Sojan baƙo ne, bai san fadama ba. Sumaila a cikinta aka yanke masa cibiya.

Dawar fadama har yanzu ruwa ce. Gadar Malanbil ta kan iyaka a rufe take, shanun da kan ƙetara zuwa Benin duk sun taru a gefenmu. Samarin manoma na wasa adduna, ɗanka Umaru kuma ya ce shi yana da izinin gwamnati.

Ka gafarce ni, ɗan'uwana, zan sake sa ka aiki. Sadakar arba'in ɗinka ta faɗo ranar Juma'a, kafin ranar sakin tasu, kuma ba a hana addu'a ga mamaci ba tukuna. Iyalinka sun yarda a yi ta a gindin tsamiya. In an shafa fatiha, zan miƙa wa Umaru zangarniya. Ban san ko zai ciza ba, ban san ko za a bar ni in kwana gida ba. Na faɗa a fili don kada a ce na ɓoye. Sumaila, akwai tabarmarka.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya kare jinin bayinSa, Ya gadar wa ɗanka gaskiyar haƙorinka. Amin.

Amininka mai kewarka,
Malam Hamidu, Gaya