Kai Ka Saka Mata Yaya

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya ƙafar Inna, da sauƙi? Ka gaishe min da Anti da yara.

Ni lafiya lau. Aikin wanki da guga a otal ba laifi, in ban da tururi da ke sa ni tari, da yatsuna da sabulu ya cinye. Kada ka gaya wa Inna.

Saƙonka ya iso. Farkon labarina na turo maka ka karanta, sai ka maido min da tsarin littafin gaba ɗaya, wai marubucin kirki ba ya ɗora alƙalami sai ya san ƙarshe. Sannu, malam! Tun ina firamare kake manna takardu a bangon ɗakinka, wa zai auri wa, wa zai mutu. Bango ya cika, ko shafi ɗaya ba mu gani ba.

Ni ina ninke zanin gado labarin ke zuwa min. Na san yarinyar ta bar gida, kuma tana da dalili. Sauran tare muke ganowa.

Amma na karanta tsarin naka har babin ƙarshe: ta rame, ta yi nadama, ta dawo ta durƙusa gaban yayanta. A labarina ba ta ma da yaya. Kai ka saka shi.

Don Allah ka turo min hoton Inna. Allah Ya ƙara mata lafiya, kai kuma Ya ba ka ikon rubuta shafin farko.

Yarinyar tana nan inda take. Ni ma haka.

Ƙanwarka