Jan Man Ɗan'azumi

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Zumuncin 'Yan Bensikin (Masu Hayar Babur),
Tashar Bakin Kasuwa, New Bell, Douala.

Daga:
Rakiyatu Hamman, matar marigayi Salmanu,
Layin 'Yan Manja, New Bell.

9 ga Agusta, 1994.

Game da: Ɗaure babur ɗin marayuna da Malam Ɗan'azumi ya yi, da kuma abin da yake sayarwa da sunan sufa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri a gare ka da sauran shugabannin ƙungiya, ina neman izinin gabatar da ƙorafina a rubuce, tun da na zo ofishinka da ƙafata an ce mini mata ba sa shiga maganar tasha. Na lura dai ba a hana babur ɗin mace shiga layi, kuma ba a taɓa mayar mini da kuɗin ƙungiya ba.

Kamar yadda ka sani, babur ɗin da ƙanin mijina Yusufa yake haya da shi na marigayi Salmanu ne, Allah ya jiƙansa. Ya saye shi da kuɗin sallama lokacin da aka rage ma'aikata a tashar jiragen ruwa, bai daɗe yana hawansa ba ajali ya zo. Yara huɗu ya bar mini da wannan babur. Tun da aka karya darajar sefa kuwa, abin da sana'ata ta sayar da manja take kawowa ba ya kai mu tsakiyar wata. Babur ɗin ne tukunyar gidanmu. Ga ƙorafina:

1. A farkon watan Yuni ƙungiya ta kafa doka cewa duk wanda zai shiga layi sai ya zuba mai mai tsada, wato sufa, ya bar odine da talakawa suka saba, wai don fasinjoji suna kukan hayaƙi. Ban ja da hikimar shugabanni ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mutumin da aka naɗa mai binciken mai, Malam Ɗan'azumi, shi ne kuma yake da teburin kwalabe a bakin tashar. Shi ke sayarwa, shi ke dubawa, shi ke hukunci. Ban san ko akwai wani muƙamin da ya rage ba, da sai a ƙara masa.

2. Kayan aikin wannan babban jami'i guda biyu ne, ido da hanci. Sai ya buɗe tanki, ya leƙa, ya ja numfashi, ya ɗaga kai sama kamar mai ɗanɗana miya. In man ya yi ja, sufa ne. In bai yi ja ba, ko daga gidan mai na Akwa aka zubo shi, odine ne, sai tara. Duk 'yan tasha sun haddace cewa jan mai shi ne mai kyau, kuma ikon Allah, a faɗin New Bell babu inda ake samun mai ja sai a teburinsa.

3. Yusufa mutum ne mai gudun fitina, ko ƙafarsa ka taka shi zai ba ka haƙuri. Ya bi doka, ya koma sayen jan mai, bai ma gaya mini ba don kada in yi faɗa. Kafin watan ya ƙare babur ɗin da yake tashi da bugu ɗaya ya koma sai an tura shi. Ya mace masa a kan gadar Wouri da mai juna biyu a baya, ya turo shi har Deïdo yana ba ta haƙuri, ita kuwa tana tafe tana zagin danginmu da Faransanci. Da bakanike ya kwance kafireta, sai ya tarar da wani maiƙo ja ya daskare a ciki. Yusufa ya kawo mini shi a takarda, a zatonsa shi ne ya kashe amanar yayansa. Na ce ya koma odine daga gidan mai, wanda marigayi ya yi ta zubawa babur bai taɓa tari ba. Ya koma, babur ya warke.

4. Ranar 28 ga Yuli, Malam Ɗan'azumi ya shinshina tankin Yusufa a gaban jama'a, ya yanke hukuncin cewa ya ci amanar ƙungiya. Ya zare makulli, ya sa sarƙa ya ɗaure babur ɗin a gindin mangwaron da ke gefen babbar kwata, ya ce sai an biya tara, an kuma cika tanki daga teburinsa. Ranka ya daɗe, kai ɗan unguwar nan ne, ka san abin da wannan kwata take yi a Agusta. Ruwan shekaranjiya ya kai rabin taya. Yusufa ya cire rigar ruwansa ya lulluɓe injin, shi kuma ya tsaya a cikin ruwan yana gadi. Yanzu haka yana kwance da zazzaɓi, ƙaramar 'yata tana tambayata ko an kama babur ɗin Baba ne don ya yi laifi.

5. Yanzu na zo kan maiƙon nan. Ban yi boko mai zurfi ba, ban san sirrin inji ba, amma tun ina budurwa hannuna yake cikin manja, ko a mafarki aka kawo mini shi zan gane shi. Abin da ya fito daga kafiretar nan manja ne. Nan take na tuna cewa tun watan Yuni Malam Ɗan'azumi ya zama babban mai cinikina. Mutumin da ba shi da mata, ba a taɓa ganin hayaƙi ya tashi a ƙofarsa ba, safe da yamma a rumfar mai wake da makala, wato fanke, yake ci, sai ga shi duk mako da galan, yana kuma nanata cewa a ba shi wanda ya fi ja. Ni da wautata har addu'a nake yi masa, na ɗauka aure ya kusa. Ashe amaryar kwalba ce. Odine yake saye, ya ɗiga masa manjana, ya girgiza, ya sayar wa ƙanin mijina da tsadar sufa, sannan ya ɗaure mana babur don mun ƙi sha.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon ofishinka mai daraja da ya ba da umarnin kwance babur ɗin nan yau, kafin ruwa na gaba, ba tare da tara ba. Ina kuma roƙon a ɗauko kwalba ɗaya daga teburin Malam Ɗan'azumi a gaban 'yan tasha, a zuba man a faranti, a bar shi ya sha iska. Fetur zai tashi. Abin da ya rage a farantin, a kira kowace mace mai miya ta faɗi sunansa. Game da dokar sufa kuwa, a bar kowa ya zuba abin da injinsa yake ɗauka, daga inda ya ga dama.

Ina kuma sanar da ƙungiya a hukumance, don kada abin ya zo muku ba shiri, cewa na daina sayar wa Malam Ɗan'azumi manja, kuma duk matan layinmu sun ji dalili, sun rufe masa galan. Ina kyautata zaton daga mako mai zuwa za a yi ƙarancin sufa a tasharku.

Shi zai sami wata sana'ar, irinsu ba sa rasawa. Ni kuwa Salmanu ba zai dawo ya saya wa 'ya'yansa wani babur ba, kuma da nake rubuta wannan takarda hadari yana haɗuwa ta wajen Ndogpassi.

Ka huta lafiya. Allah ya ƙara girma, ya sa ka gama da mutunci.

Taka mai biyayya,

Rakiyatu Hamman