Abin da Aka Buga a Kan Hamidu

Kano, 9 ga Agusta, 1955

Zuwa ga yayana Malam Ladan, malamin asibitin Tudun Wada,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata kana lafiya, kai da iyali, da Yaya Hamidu da matarsa Dije da yara can Falgore. Ni ma nan lafiya lau, sai ruwa da ya hana mu sakat.

Yaya, ashe irin abin da ya faru a wajenku ke nan, ba wanda ya aiko mini? Ranar Juma'a muna cikin aiki a maɗaba'a, sai ga edita afujajan da takarda a hannu, ya ce a sauke labarin gyaɗa daga shafin farko. Wai wani ƙaramin jirgin sama na Turawan safiyo, masu ɗaukar hoton ƙasa, ya faɗi a dajin Falgore ranar Alhamis. Ni aka ba aikin jera baƙaƙen, har da manyan nan na kan labari. Ga abin da na jera: MAHARBI YA HARBO JIRGIN SAMA. Wai an sami bindigar toka kusa da tarkacen. Kafin azahar ranar Asabar jaridar ta ƙare ƙaf, sai da muka sake bugawa.

Yanzu duk inda ka zauna maganar ke nan. Mu mun ce Turawa biyu ne a ciki, rediyo ta ce huɗu, wata jaridar Ikko, babban birnin ƙasa, kuma ta ce zinariya jirgin ya ɗauko. Mai shayin ƙofarmu ya rantse harsashin tsafi ne.

Don Allah ka tambayar mini Yaya Hamidu, ai ba maharbin da bai sani ba a wannan daji. In na riga kowa kawo sunan mutumin, edita zai san da zamana a gidan nan. Shekara uku ke nan ina jera abin da wasu suka rubuta.

A gaishe da kowa da kowa.

Ƙaninka,
Surajo


Tudun Wada, 14 ga Agusta, 1955

Zuwa ga Surajo,

Gaisuwa. Takardarka ta iso jiya a hannun wani da ya haye kogi da kwalekwale. Wadda na aiko maka tun makon jiya tana hannun direba, kogi ya cika, motarsa ba ta haye ba.

Hamidu ya rasu ranar Lahadin da ta wuce, bayan la'asar. Yau aka yi sadakar bakwai. Shi ne mutumin da kake neman sunansa.

Zan gaya maka yadda abin ya kasance, kamar yadda shi ya faɗa mini, da wani makiyayi mai suna Hamman wanda yake wurin. Ranar Alhamis da hantsi Hamidu ya fita duba tarkonsa. Hadari ya taso. Suka ji jirgi yana tari, ya yi shiru, ya sake tari, sannan ya sauko ya bugi wata bishiyar maɗaci. Hamman ya ce shanunsa suka watse, shi ya tsaya daga nesa yana kallo. Hamidu ya jingine bindiga a jikin bishiya ya ruga. Ya jawo Bature ɗaya ya kwantar da shi a ciyawa. Ya koma ɗauko na biyun, wuta ta tashi.

A kan gadon kara suka kawo mini shi ranar Juma'a. Ban gane shi ba sai da ya yi magana. Ya ce, "Yaya, ɗayan yana numfashi?" Na ce an tafi da shi Kano, yana numfashi. Ya ce, "Na biyun ɗamarar kujera ce ta riƙe shi. Wuƙata ta faɗi, na laluba ban same ta ba." Sau uku ya maimaita mini maganar wuƙar nan cikin kwana biyu.

Na wanke ƙunar, na shafa abin da nake da shi, na naɗe. Bandejin asibiti ya ƙare, na yayyaga rawanina. Na san ba zai tashi ba tun da na ga bayansa, amma na ci gaba da naɗewa saboda Dije tana kallo.

Ni na yi masa wanka. Ban yi kuka ba, har yanzu kuma ban yi ba. Ina cin abinci, ina zuwa aiki. Jiya na cire wa wani haƙori.

'Yan doka sun tafi da bindigar. Na ce musu su duba, ɗurinta na nan ba a harba ba. Babbansu ya ce za a duba.

Ba sai ka zo yanzu ba, hanya ba ta biyuwa. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri.

Yayanka,
Ladan


Kano, 19 ga Agusta, 1955

Zuwa ga Yaya Ladan,

Gaisuwa da ta'aziyya. Allah ya jiƙan Yaya Hamidu, ya sa ya huta.

A bakin teburin baƙaƙe na karanta takardarka. Na ninke ta na sa a aljihu, na ƙarasa layin da nake jerawa, tallar sabulu ce. Sai da aka tashi na fahimci ban san me na yi tun safe ba.

Akwai abin da ban so in faɗa maka ba, amma gara ka ji daga bakina. Ranar Asabar da ta wuce mun sake buga labarin, shi ma ni na jera. An ce maharbin ya mutu, an ce ƙila ya ɗauka jirgin katon tsuntsu ne, ƙila kuma kayan ciki ya yi kwaɗayi. Da na zo wurin tsuntsun nan har dariya na yi, Yaya. Na nuna wa na kusa da ni, shi ma ya yi.

Jiya sunansa ya iso ofis. Na ɗauki takardarka na shiga wurin edita, na karanta masa daga farko har ƙarshe. Ya saurara, ya yi mini gaisuwa. Sannan ya ce, "Surajo, jaridun Ikko sun buga, rediyo ta faɗa. Mu kaɗai za mu ce ba haka ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai su daga wurinmu suka ɗauka."

Ya ce, "Mu ma daga bakin wani masinja muka ji, wanda ya je wurin da Di'o, Baturen mulki. Kai kuma ɗan'uwansa ne, wa zai karɓi shaidarka? A jira Baturen ya farfaɗo."

Na tambaya a asibiti. An ce tun ranar Litinin aka sa shi a jirgi zuwa ƙasarsu, bai buɗe baki ba.

Na ce ba zan jera sunan ba. Ba wanda ya yi mini faɗa. Aka miƙa wa Isa, abokin aikina, ya jera cikin ɗan lokaci, ya zo ya tambaye ni ko da "u" ake ƙarasa Hamidu. Na ce da "u". Gobe zai fito.

Ka gaya wa Dije kafin wani ya gaya mata. Ban san me zan ce ka gaya mata daga gare ni ba.

Ƙaninka,
Surajo


Tudun Wada, 6 ga Satumba, 1955

Zuwa ga Surajo,

Gaisuwa. Muna lafiya.

Jaridar ta riga ni isa Falgore. Malamin yaƙi da jahilci ya karanta ta a bakin kasuwa, da ƙarfi, yadda yake yi kowane mako. Ya kai tsakiya kafin ya gane ko wane Hamidu ne. Mutanen da suka ɗauko shi a kan gadon kara suna zaune a wurin. Ɗaya daga cikinsu ya same ni daga baya ya ce, "Malam, mu dai ba mu ga lokacin da abin ya faru ba. Tun da har an buga, ko da wani abu?" Na ce ba kome. Ya ce to. Daga yadda ya ce to ɗin na gane bai yarda ba.

An kira dagacin Falgore zuwa wurin hukuma a garin Doguwa sau biyu, an karɓe bindigogin maharba bakwai. Matansu sun daina shiga wurin Dije. Tana cikin takaba, ba ta fita, ƙanwarta ce take ɗebo mata ruwa. Na je ranar Juma'a na gaya mata abin da ka ce in gaya mata. Tana tsince wake. Ta ce, "Da bindigar da ko gada sai ya matsa kusa?" Na zauna har ta gama tsintar, na tashi.

Wani ɗan jarida ya zo daga kudu da akwatin hoto. Ya ɗauki tarkacen, ya ɗauki bishiyar, ya ari bindigar wani ya ba wani tsoho ya riƙe ya ɗauke shi. Ya tambaye ni hanyar gidan hutawa, na nuna masa. Bai tambaye ni wani abu ba.

Hamman ya tashi da shanunsa. 'Yan doka sun neme shi sau ɗaya, ya ji tsoro, an ce ya yi wajen Ririwai. Kafin ya tafi na sa ya faɗi abin da ya gani, na rubuta, ya dangwala yatsa. Na kai wa Turawan bincike biyu da suka zo suna auna ƙarafa. Ɗayansu ya karɓa ya sa a jaka.

Game da dariyar da ka ce ka yi, ban san abin da zan ce maka ba. Ba na jin haushinka. Na duba zuciyata ban ji kome ba. Kada ka bar aikinka.

Yayanka,
Ladan


Kano, 22 ga Oktoba, 1955

Zuwa ga Yaya Ladan,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ka yafe mini shirun da na yi, ba ni da abin rubutawa ne.

Rahoton bincike ya fito. Ruwa ne ya shiga man jirgin, injin ya mutu a cikin hadari. Ba rami ko ɗaya na harsashi a jikinsa. Sun ce bindigar da aka samu a ɗure take. Baturen da ya rayu ya aiko da bayani daga ƙasarsu, ya ce bai tuna kome ba sai hannun wani mutum a wuyan rigarsa.

Na roƙi edita a sa a shafin farko. Ya ce shafin farko na zaɓe ne, kuma labarin ya tsufa, mutane sun manta. Ya ba ni layi biyar a shafi na shida, ƙarƙashin sanarwar wani jaki da ya ɓata. Na rubuta layi takwas da sunan Yaya Hamidu da abin da ya yi. Ya soke uku na ƙarshe, ya ce rahoton bai ambaci suna ba, kuma jarida ba ta buga abin da ba ta tabbatar ba.

Na jera biyar ɗin. Ga shi na yanko na sa maka a ciki. Jaridun Ikko ba su ce kome ba, rediyo ma haka.

A gaishe da Dije da yara.

Ƙaninka,
Surajo


Tudun Wada, 30 ga Oktoba, 1955

Surajo,

Gaisuwa. Na kai wa Dije yankin jaridar na karanta mata. Ta ce in sake, na sake. Ta ce, "Ina wurin da aka ce shi ya ciro mutumin?" Na ce babu. Ta ce to ka riƙe abinka.

Dawar Hamidu ta nuna, tsuntsaye sun fara shiga. Na yi gayya ranar Alhamis, mutum uku suka zo. Ka nemi izini ka taho, ko na kwana huɗu ne. Ka zo da tsofaffin kaya, aikin da yawa.

Yayanka,
Ladan