Abin da Gwaggo Ta Ɓoye Mini

Baba,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ni ne Sale, wanda ƙanwarka Gwaggo Talatu ta ɗauke daga gidanka na Bolewa ina shekara uku, ta kai ni riƙo Mamudo.

Gida lafiya. Gwaggo na nan, gwiwa ce kawai ke damunta. Ɗakinka ya zama shagon cajin waya. Na yi aure, na sami ɗa, na sa masa sunanka, muna kiransa Abba. Shekararsa huɗu.

Sai bara na san dalilin ɗauke ni. Ciwon shawara aka ce ya kashe ka. Ba wanda ya ce giya ce ta cinye maka hanta, balle a ce mahaifinka ma haka ya ƙare. Gwaggo ta ɗauka in ban gani ba, ban ji ba, shi ke nan na tsira. Tsakanin gona da masallaci ta raine ni, ko warin giya ban sani ba.

Da na fara bin tirela muna kai shanu Kudu, mu huɗu muka ɗanɗana giya rana ɗaya. Ukun suka yamutsa fuska, suka yi dariya, suka manta. Ni kuwa ban ajiye ba sai bayan shekara shida. Kyan ɗa ya gaji ubansa, ko ba haka ake cewa ba?

Da ciwo ya kai ni asibiti, likita ya tambaya ko akwai mai sha a danginmu. Na rantse babu. Gwaggo, da ta raka ni, ta sunkuyar da kai. A hanyar gida ta faɗa mini komai. Da na koma wurin likitan, ya ce saurin kamuwa ake gado, ba shan ba, kuma wahalar rayuwa da yawan sha na iya tayar da abin da ke kwance a jini. Wato busasshiyar ciyawa ka bar mini, ashanar ni na ƙyasta. Ban ɗora maka laifin duka ba. Amma da an gaya mini, da zan yi wasa da wuta?

Wata goma sha ɗaya ke nan ban sha ba. Ban ce na warke ba.

Jiya Gwaggo ta zo a ba ta Abba ta tafi da shi Mamudo, kada ya taso ya ji komai. Na ji haushinta, na ji tausayinta, na hana. A gabana zai girma. Ranar da ya yi hankali zan zaunar da shi, in gaya masa abin da ya kashe ka da abin da ya kusa kashe ni. In zai ji kunyarmu, ya ji. Ni da aka rufa mini asirinka, na ga inda abin ya kai ni.

Allah ya jiƙanka, ya yafe mana gaba ɗaya.

Ɗanka da ya gaje ka bai sani ba,
Sale