A Ɗumama Ƙafar Jariri Kafin a Ɗebi Jini

Zuwa ga Shugabar Ma'aikatan Jinya ta asibitin da muke kai jariranmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da ma'aikatanki, Hajiya, ni Binta ce daga Kademi, mahaifiyar Nusaiba. Sau biyu na zo ofishinki ban same ki ba, kuma maganar ta hana ni zama, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko, ga abin da ya faru. Kwana uku da haihuwar Nusaiba a daminar bana, idanunta suka yi rawaya. Likita ya ce shawara ce, sai an ɗebi jini a dunduniyarta. Da safe ne, an kwana ana ruwa, fanka kuma tana juyawa. Nas ɗin da ke aiki ta karɓe ta daga hannuna, ta kware mata zane, ta kwantar da ita a kan tebur mai sanyi. Ta caka allura, jini bai fito ba. Ta matse ƙafar, ta sake cakawa, har sau uku. Yarinyar ta yi kuka har muryarta ta ɗauke, bakinta a buɗe amma babu sauti. Na miƙa hannu, aka ce in koma in zauna. Ranar sai bayan la'asar ta kama nono.

Na biyu, bayan kwana biyu muka koma a sake gwajin, ƙanwar mijina Rabi ta raka ni kamar ranar farko. Wata nas muka tarar, dattijuwa. Ta kashe fanka, ta zuba ruwan ɗumi a safar hannu ta ɗaure bakin safar, ta gwada a kumatunta, sannan ta ɗora a ƙafar yarinyar na ɗan lokaci. Ta ce in rungume ta a ƙirjina in ba ta nono. Caka ɗaya ta yi. Nusaiba ta zabura, ta ɗan yi kuka, ta koma tsotso. Na tambaye ta ko wani magani ta sa, ta ce babu, ƙafa mai sanyi ce ke rowar jini. Ni ba likita ba ce, abin da idona ya gani nake faɗa: ɗaki ɗaya, yarinya ɗaya, gwaji ɗaya.

Na uku, shi ne ainihin abin da ya tashe ni. Rabi ta haihu ranar Asabar, namiji. Jiya na ga idanunsa sun fara canzawa. Na ce mu tafi asibiti, ta ce ita ta ga abin da aka yi wa Nusaiba, ba za ta miƙa ɗanta ba. Na tuna mata dattijuwar nan, ta ce in ba ita muka tarar ba fa? Yanzu jiƙo ake ɗura masa. Tun safe na je gidan sau uku ina buɗe idonsa ina dubawa.

Ba na neman a hukunta kowa. Na ga yawan matan da ke layi, na san nas ɗin farko a gajiye take. Roƙona, Hajiya, ki sa ɗumama ƙafar nan ya zama ƙa'ida ga duk wadda ke aiki, kada ya tsaya ga halin mutum ɗaya. A kashe fanka, a bar jariri a lulluɓe, a bar uwa ta riƙe ɗanta. In kuma akwai dalilin da ya hana, a yi mana bayani, za mu fahimta.

Gobe da sassafe zan ɗauko Rabi da jaririn, ko da kuka ne. Na riga na yi mata alkawari ba za a raba ta da shi ba, alhali ba ni da ikon cika shi. Ke ce ke da shi.

Allah ya ƙara miki lafiya da haƙuri, ya saka wa ma'aikatanki da alheri, ya raya mana zuri'a.

Wassalam,
Binta, mahaifiyar Nusaiba, Kademi.