Suna Na Uku

Ya kai sanyin la'asar bayan doguwar rana, raɓar da ta sauka a kan reshen da kowa ya fid da rai da tohonsa, Mai Agogona,

Shekaruna saba'in da huɗu da wata bakwai, kuma ni, saɓaninka, na san ranar da aka haife ni, domin mahaifina ya rubuta ta da alƙalaminsa a bangon littafi. Na fara da wannan ne don kada ka karanta takardar nan da idon tausayi. Ban nemi tausayin kowa ba sa'ad da na sauka ƙasar nan da akwati ɗaya, ban nema ba ranar da aka binne mijina, ba kuma yau zan fara ba. Haƙorana duk na asali ne in ban da biyu. Ina hawa bene na huɗu da cefane a hannu ba tare da na dafa ƙarfe ba. Idan ka ga rubutun ya karkace a wani layi, kada ka ɗora wa tsufa laifi, laifinka ne.

Kwana tara suka rage 'yarka ta ɗauke ka zuwa garinsu, tafiyar awa shida a jirgin ƙasa. Kwana tara! Akwai maganar da ya wajaba ka sani kafin nan. Na zaɓi takarda ne saboda kunnenka na hagu ya yi ritaya tuntuni, na dama ma ya miƙa takardar barin aiki, ni kuwa ba zan tsaya a bakin titi ina ƙwala abin da ke zuciyata kamar mai talla ba.

Ka tuna ranar farko? Shekara goma sha ɗaya ke nan. Na shigo shagonka, matsattsen lungun nan tsakanin mai yanka makulli da gidan wanki. Na ajiye agogon hannuna a kan gilashi, na yi maka bayani da harshen mutanen ƙasar, da irin lafazin da alƙalai ke yaba mini, don ka san da wa kake magana. Ko ɗagowa ba ka yi ba. Ka maƙala ƙaramin madubinka a ido, ka buɗe bayan agogon, sai na ji kana lallashinsa a hankali da Hausa: "Haba 'yar nan, wa ya yi miki wanka?" Wayyo! Shekara talatin ina tafinta a kotu, Hausar da nake ji duk ta masu kuka ce da masu rantsuwa da masu musun laifi. Rabon da in ji an yi ta haka cikin natsuwa, babu tsoro babu neman mafita, har na manta. Sai na ji kamar an buɗe mini taga a ɗakin da ban san ya tsuke ni ba. Na ce, "A baho ta faɗa." Madubin ya suɓuce daga idonka.

Kai ka ja ni zuwa zaman Alhamis, inda tsofaffin mutanenmu ke haɗuwa a ɗakin nan mai kujerun roba a ƙarƙashin ɗakin karatu. Na je da niyyar zuwa sau ɗaya, ina ganin na fi ƙarfin zama da direbobi da masu goge-goge, Allah ya yafe mini. A can na san Direba, wanda bai taɓa fara labari ya ƙare shi ba, da Goggon Kowa, wadda ta reni rabin yaran unguwar, take kuma ganin ko ni ban wuce ta gyara mini ɗaurin kallabi ba. Su suka zama dangina. Su suka cika ɗakin asibiti lokacin da aka yi mini aikin ido, har ma'aikatan jinya suka kore su. Kai kuwa kullum kana can gefe, hularka a kan kujerar da ke kusa da kai, ba ka ɗauke ta sai na shigo.

Shekara tara ke nan da ka yi mini tambayarka a kan bencin tashar bas, ana yayyafi. Ka nemi aurena cikin kalmomi bakwai. Ni kuwa, tafinta, na ba ka amsa mai sakin layi uku. Na ce ban ƙetare teku na zauna a gaban alƙalai don in koma wanke safar wani ba. Ka dube ni ka ce, "To, Tafinta. Ni jira sana'ata ce. Ko agogo na gyara sai na ajiye shi kwana uku in ga ko zai yi mini ƙarya." Ba ka sake tayar da zancen ba, Alhamis ta gaba kuma hular tana kan kujera. Wane irin mutum ne wannan? Wane kogi ne za a jefa masa irin wannan dutse ya ci gaba da gudu a natse, ruwansa bai gurɓace ba?

Yanzu bari in gaya maka abin da ya faru a walimar cikarku tamanin ranar Asabar, domin kana wurin amma ba ka ji ba.

Ka dai ga abin da ido ke gani: balan-balan, da kek, da ku uku a jere a kujerun gaba kamar waɗanda za a yanke wa hukunci, kai da Direba da Goggo. Ku uku rana ɗaya, ɗaya ga watan ɗaya, saboda akawunan da suka cike muku takardun tafiya sun tambaye ku ranar haihuwa kuka ce "shekarar fara" ko "bayan babban ruwa", su kuma suka rubuta abin da ya sawwaƙa. Direba yana ta rantsuwa ya girme ka da damina biyu. Goggo tana cewa ai ita karo na uku ke nan tana cika tamanin ɗin, kuma ba ta ga dalilin barin wurin da ta ji daɗinsa ba. Sai 'ya'yanku suka miƙo mini takarda da abin magana, wai ni ce mai murya, in kira cikakkun sunayenku ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tashi a tafa masa.

Na kira na Direba, har da na ubansa da na kakansa, ya miƙe yana ɗaga hannu kamar ya ci zaɓe. Na kira na Goggo. Sai na sauke ido a kan na uku.

Ya hasken idona, haruffan suna nan a gabana, manya, da shuɗiyar tawada. Na san su fiye da nawa. Ni da na furta sunayen ɓarayi da na attajirai da na mutanen ƙasashen da harshe ke karyewa a kan sunayensu, shekara talatin ban yi tuntuɓe ba, na buɗe baki, sunanka ya taso daga ƙirjina, ya iso maƙogwaro, ya ƙi wucewa. Na sake gwadawa. Fuskata ta ɗau zafi kamar ta 'yar shekara sha shida. Abin da ya fito a ƙarshe, ɗaki duka yana ji, shi ne, "Sai kuma... shi."

Yaran da aka haifa a nan suka firgita, sun zaci ciwon mantuwa ne ya fara taɓa ni. 'Yarka, Allah ya yi mata albarka, ta rugo da ruwa a kofi tana raɗa mini sunan a kunne. Can Goggo ta ajiye cokali ta ce, "Ku rabu da ita, 'yan nan, ba mantuwa ba ce. Mu inda muka fito, akwai namijin da mace ba ta kama sunansa, shi ne mijinta. Tafinta, ashe boko bai cinye ki duka ba!" Direba ya yi dariya har ya ƙware. Kai kuwa kana ta murmushi kana tafi, ka karkata ka tambaye shi me aka ce, ya ƙwala maka a kunne, "An ce ka yanka kek!" Ka yanka.

Ka san girman abin kuwa? Ni ce fa wadda ta kira marigayi da sunansa ƙiri-ƙiri a gaban mahaifiyarsa, mako guda da biki, har tsohuwar ta yi salati. Ni ce na tsaya a zauren jami'a ina 'yar ashirin da biyu na ce wannan kunyar ƙasƙanci ce, aka tafa mini, kuma har gobe ban janye rabin maganar ba. Amma da na koma gida na zauna, ko takalmi ban cire ba, na bi shekarun nan goma sha ɗaya ina neman rana guda da na kira ka da sunan yanka. Babu. "Mai Agogo" nake cewa, in gaya wa kaina ai kowa haka yake cewa. Ashe harshena ya ba ka amsa tun kafin ka yi tambaya, ni ce kawai ban fassara ba. Tafinta guda!

A walimar nan kuma, bayan an raba kek, 'yarka ta sanar cewa nan da mako biyu za ka koma wurinta, tunda hannunka ya fara rawa an rufe shago. Kowa ya ce madalla, ni ma na ce madalla. Madalla! Ya inuwata, ya ruwan farkon damina a kan ƙasar da ta tsage, ya tauraron da matafiyi ba ya lura da shi sai ya ɓata hanya, ina zan kai Alhamis? Na zaci kaɗaici abokina ne. Na ciyar da shi, na yi masa shimfiɗa, na yi alfahari da shi a gaban jama'a. Ashe ina iya zama da shi ne domin kowane mako ina da ranar ganinka a gaba. A ɗauke wannan, a ga abin da zai rage: tsohuwa mai kyakkyawan lafazi tana magana da bango.

Ka yafe mini shekara taran nan. Ba ni da ikon mayar maka da su. Abin da ya rage shi nake miƙo maka. Hannunka yana rawa? Nawa ba ya yi. Ni zan saka maka maɓallin riga, in riƙe maka kofi, in zama kunnenka a gaban likita, in fassara maka duniya da babbar murya, ba ragi ba ƙari. Sharuɗɗana ba su da yawa: littattafaina suna da ɗakinsu, ba a yi mini magana kafin in gama shayin safe. Safa kuwa, akwai injin wanki.

Ka san ni ba na yanke magana in bar ta a baki. Ranar Litinin na kira ƙanena a waya na ce ya shirya, za a zo neman auren yayarsa. Ya tambaya ko lafiyata ƙalau. Ranar Talata na zaunar da 'yarka na gaya mata komai ina kallon idonta. Ta ce, "Mama, ai mu mun daɗe da sani, ke muke jira ki gama nazari." Ita ta san wani ƙaramin gida da babu kowa a ciki, a ƙasa, ƙofa uku daga nata. Jiya na sa hannu a takardar hayarsa, na kuma sallami mai gidan da na zauna shekara ashirin da shida. Kafin tafiya ina ɗakin Goggo, wadda ba ta bar ni na huta da tsiya ba.

Idan shekara tara sun sauya maka ra'ayi, haƙƙinka ne, kuma ba zan yi kuka a gabanka ba. Ka dai yi sabuwar maƙwabciya. Amma komawa baya babu. Littattafaina sun tafi da safiyar nan a motar kaya. Na yanki tikitin jirgi ɗaya da naka, kujerar da ke damanka, wajen kunnen da ya rage, domin in faɗa maka da bakina abin da na rubuta a nan: na yarda.

Taka har numfashi ya ƙare, wadda ba za ta taɓa kiran sunanka ba,

Tafinta